Takardar gwaji ta ce babu, likita ya ce a buɗe a duba

Sana'ata sayar da yadi ce a Kantin Kwari, kuma duk wanda ya san kasuwar nan ya san babu abin da ba a tattaunawa a bakin shago. Ana maganar bashin da ya karya mutum, ana maganar hawan jini da ciwon sukari, har maganin maza ana tallarsa da lasifika, ana saye ana dariya. Abu guda ne ban taɓa jin namiji ya furta da bakinsa ba, wato cewa shi ne ba ya haihuwa. To ni zan furta. An yi mini tiyata a 'ya'yan maraina, aka tsinto ƙwayoyin haihuwa 'yan kaɗan, kuma ta dalilinsu Allah Ya ba mu 'yar da muke da ita a yau. Mai ɗakina ta amince in rubuta wannan, da sharaɗin kada a ambaci sunanmu.

Da muka yi aure, shekara ta zagayo shiru, wata ta bi bayanta, sai magana ta fara tashi. A wurinmu idan gida ya yi shiru, ido ɗaya ake kallo da shi, kuma mace yake kallo. Aka fara kawo mata sassaƙe da jiƙe-jiƙe, wannan daga ƙauye, wancan daga wata gwaggo. Ta sha rubutu, an yi mata hayaƙi, an kai ta wurin mai ruƙiyya ya ce namijin dare ne ya aure ta. Wani ƙaramin asibiti ya yi mata wankin mahaifa, wanda daga baya muka ji babu wani dalilin yinsa. Ta yi hoton nan da ake ɗura ruwa a mahaifa don a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke, ta fito tana dafa bango saboda zafi. A gidan biki kuwa, in ta ɗauki jaririn wata, sai an sami mai cewa, "Allah Ya kawo naki," da irin muryar da kowa ya san gori ce. Ta taɓa jin an kira ta juya a bayan labule.

Duk wannan lokacin babu wanda ya kawo ni a ransa, saboda a shimfiɗa lafiyata ƙalau, kuma a tunaninmu namijin da ke iya kusantar iyalinsa ya gama amsa tambaya. Wata likitar mata ce ta katse zancen. Ta baje takardun matata a kan tebur, ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Hajiya, ke ban ga komai a jikinki ba. Ina maigidan?" Aka kira ni daga mota. Ta ce mini, "Alhaji, a cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, kusan rabi akwai hannun namiji a matsalar. Gwajinka ba zafi, ba tsada. Ba zan ƙara rubuta wa baiwar Allah nan ko ƙwayar magani ba sai na ga naka."

Gwajin maniyyi abu ne mai sauƙi a faɗa. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a miƙo maka ɗan gwangwanin roba mai murfi, a nuna maka wani ɗaki. Kunyar da ke cikin karɓar gwangwanin nan daga hannun yarinya sa'ar ƙanwarka, a gaban mutane suna zaune a benci, ita ce take hana maza da yawa zuwa, na tabbata. Da sakamako ya fito, layin da ya kamata a rubuta adadi sai na ga sifili, a ƙasansa wata kalma da ban taɓa ji ba, azuspamiya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa mafi ƙarancin abin da ake sa ran gani a miliyan 16 cikin kowace mililita. Ni ko ɗaya babu. Aka ce ba a yanke hukunci da gwaji guda, in dawo bayan 'yan makonni. Na dawo, suka juya ruwan a injin da ke tara duk abin da ke ciki a gindin kwalba, suka duba gindin a madubin likita. Babu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ruwan yana nan yadda na san shi, yawansa da kalarsa. Sai daga baya aka fahimtar da ni cewa yawancin ruwan da namiji ke gani daga wasu gaɓoɓi da ke kusa da mafitsara yake fitowa, ƙwayoyin haihuwa kuwa ɗan ƙanƙanin kaso ne a ciki, ido ba ya ganinsu. Mutum zai iya rayuwarsa duka da ƙarfinsa da sha'awarsa, bai san babu ko ɗaya a jikinsa ba. Kusan namiji 1 cikin 100 haka yake. Na sha tsayawa a layinmu na kasuwa in dubi cincirindon maza ina wannan lissafi.

A daren da na faɗa wa matata, tana ninke kayan wanki ne. Na ce, "Matsalar daga gare ni take. Likita ya ce babu ƙwayar haihuwa a jikina." Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Alhaji, ka ci abinci kuwa yau?" Kuka sai can tsakar dare na ji tana yi, a hankali don kada in farka. Da safe ta ce kada in faɗa wa kowa, ita ta saba da maganar mutane, za ta ci gaba da ɗauka. Wannan kalma tata ta fi takardar asibitin nauyi a zuciyata.

Bayan nan na shiga hannun masu magani. Kowa da abin da zai ce, wannan ya ce sanyi ne ya daskarar da maniyyin, wancan ya ce basir ne. Wani mai kemis ya yi ta yi mini allurar testostiron, wato sinadarin maza da maraina ke fitarwa, wai tana ƙara ƙarfin namiji. Ina so duk mai karanta wannan ya riƙe abin da likita ya gaya mini a kanta: allurar nan hana maraina ƙera ƙwayoyi take yi. Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa maraina saƙo su yi aiki, idan ta ga sinadarin ya cika jini daga waje sai ta daina aikawa. Namiji mai lafiya ma in ya daɗe a kanta, ƙwayoyinsa za su iya komawa sifili. Sai da aka sa na bar ta, aka jira watanni jiki ya warware, domin ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta kammala.

Likitan da ya fara yi mini bayani na gaskiya, likitan mafitsara da al'aurar maza ne, dattijo mai sanyin murya. Ya ce "babu" iri biyu ce. Akwai wanda marainansa ke ƙera ƙwayoyi lafiya lau amma hanyar fita ta toshe, ko saboda ciwon sanyi da ba a magance da kyau ba, ko tarin fuka da ya sauka can, ko tiyatar gwaiwa da aka yi masa tun yana yaro aka taɓa jijiyar, wani kuma an haife shi ne babu jijiyar gaba ɗaya. Irin wannan, in ji shi, kusan kullum ana samu, allura kawai za a soka a ma'ajiyar da ke manne a bayan maraina a zuƙo, wani ma ana iya gyara masa hanyar. Akwai kuma wanda hanyarsa a buɗe take, marainan ne suka gaza. Wannan shi ne mai wuya.

Ya ɗauko wani abu kamar carbi, 'ya'yansa na roba, daga ƙarami sosai har zuwa babba, kowanne da lamba a jiki. Ya riƙa gwada su da nawa yana kwatantawa. Na baligi lafiyayye, in ji shi, yakan kama daga lamba 15 zuwa 25. Nawa duka biyun sun yi ƙasa da haka sosai, kuma sun yi laushi. Gwajin jini ya nuna sinadarin FSH, wato saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, ya yi sama, alamar ƙwaƙwalwa tana ta kira, maraina ba sa amsawa yadda ya kamata. Sai ya tambaye ni, "Malam, ka taɓa yin hangum bayan ka balaga?"

Na yi. Ina makarantar kwana, a manyan azuzuwa, hangum ya shiga ɗakin kwananmu. Kumatuna suka kumbura, yara suna ta tsokana, da kumburin ya fara sauka sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, maraina duka biyu suka kumbura har ba na iya haɗa ƙafafuna. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa inda ke ciwo. Na karɓi maganin zazzaɓi a ɗakin shan magani, na kwanta har ya wuce, na manta da shi. Likita ya ce yawancin waɗanda hangum ya sauka musu ƙasa gefe ɗaya yake kamawa, kuma suna haihuwarsu, nawa ne ya zo da tsanani. Akwai allurar rigakafinsa, ana haɗa ta da ta ƙyanda, ana samu a asibitocin kuɗi. 'Ya'yan ƙannena maza duk na sa an yi musu.

Kafin a yi maganar wuƙa sai da aka ɗebi jinina don gwajin ƙwayoyin gado. Akwai mazan da aka haifa da ƙarin kuromosom X (kuromosom shi ne ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), abin da ake kira ciwon Klinefelter, wasunsu ana samun ƙwayoyi a jikinsu. Akwai kuma masu giɓi a kuromosom Y. Idan giɓin ya cinye sashen da ake kira AZFa ko AZFb gaba ɗaya, likitan kirki ba zai yanka ka ba, don an san ba za a samu ba. Idan a AZFc ne ana iya samu, amma ɗa namiji zai gaji matsalar. Nawa ya fito babu ko ɗaya. Wanda duk za a yi wa irin aikina, ya nemi wannan gwaji tun kafin ya sayar da kadararsa.

Aka fara da mai sauƙin, wanda suke kira TESA, a wani asibiti a Abuja. Allurar kashe zafi aka yi mini a saman maraina, ina farke ina kallon silin, likita ya soka allura ya zuƙo ɗan nama, aka miƙa ta taga zuwa ɗakin bincike. Ana gamawa na tashi da ƙafata. Ba a samu komai ba. Muna shirin fita wani ma'aikaci ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce akwai hanya mai sauƙi, suna da maniyyin wasu a ajiye, za a zaɓo mai kama da ni, babu wanda zai taɓa sani. Na ce masa Allah zai sani, ni ma zan sani. Har muka wuce Kaduna jikina bai daina rawa ba, kuma ba zafin allurar ba ne.

Wannan ne ya kai ni wurin malaminmu na unguwa, wanda nake ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba. Na jira kowa ya watse, na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ina da magana mai nauyi." Na kwashe komai na faɗa masa. Bai nuna mamaki ba. Ya ce malamai sun daɗe da tattauna wannan: tun 1980 Shehu Jadul Haƙƙ, lokacin yana Muftin Masar, ya ba da fatawa cewa haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a waje a mayar mahaifarta ya halatta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Amman a 1986 ta tafi a kan haka. Sharaɗin shi ne maniyyin na mijin ne, ƙwan na matar ne, mahaifar tata ce, kuma igiyar aure tana nan. Shigar na uku ta kowace fuska haramun ne. Ya ce ciro ƙwayar da wuƙa ko da allura neman magani ne, ba jayayya da ƙaddara ba ce. Sannan ya kawo mini abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, cewa ya umarci wani da ba ya haihuwa ya sanar da matarsa, ya kuma ba ta zaɓi. Ya ce, "Ita ma tana da haƙƙin son ɗa kamar yadda kake da shi. Ka ba ta zaɓi da gaske, ba na fatar baki ba."

Na ba ta. Na ce in tana so in sauwaƙe mata ta je ta samu rabonta a wani gidan, ba zan riƙe ta a zuciya ba, kuma zan faɗa wa iyayenta dalili da bakina. Ta ce, "Da a ce ni ce, da ka kore ni?" Na ce a'a. Ta ce, "To kada ka ƙara yi mini wannan maganar."

Saura Hajiya. Mahaifiyata ta daɗe tana matsa mini in ƙara aure, har ta riga ta sa ido a kan 'yar wata ƙawarta. Ba muguwa ba ce, uwa ce da take son ganin jikokinta daga babban ɗanta. Na same ta bayan sallar isha'i tana kan darduma, na durƙusa na ce, "Hajiya, maganar ƙarin auren nan a bar ta. Ko huɗu na jera, ba za a samu ba. Ni ne." Ban taɓa yin magana mai kama da wannan da ita ba, idona yana ƙasa. Ta tambaya ko likita ne ya faɗa, na ce likitoci ne. Ta ce, "Ita yarinyar ta sani?" Na ce ta daɗe da sani. Ta ce, "Kuma ta zauna, ana faɗa mata abin da ake faɗa mata?" Na ce ta zauna. Washegari da hantsi Hajiya ta sa aka kawo ta gidanmu, ta shiga ɗakin matata ta rufe ƙofa. Har yau ban san me suka ce wa juna ba. Na dai san daga ranar duk wadda ta ɗauko zancen haihuwa a gaban Hajiya, ita take tare ta, kuma awarwaronta na zinare yana cikin abin da aka sayar muka yi tafiya.

Dattijon likitan nan ne ya ce rashin samu da allura ba shi ne ƙarshe ba. Maraina cike suke da siraran jijiyoyi a nannaɗe, a cikinsu ake ƙera ƙwayoyin. A jikin irina yawancinsu sun mutu, amma ana iya samun 'yan wurare nan da can da suke aiki, sai dai abin da suke yi bai kai ya fito waje ba. Allura a makance take shiga, za ta iya wuce wurin da gashi ɗaya. Akwai aikin da wani likita a Amurka mai suna Peter Schlegel ya bayyana a 1999, ana kiransa maikuro-TESE: a buɗe marainan, a sa babban madubin tiyata, a bi jijiyoyin da ido, a tsinci waɗanda suka fi kauri da cika. Ya ce a masu irin matsalata ana dacewa a kusan rabi. Ya kuma ce in bari watanni su wuce wurin allurar ya warke.

Ana yin aikin a Najeriya, amma wani abokin kasuwanci da ya kai mahaifinsa jinya Masar ya haɗa mu da asibiti a Alƙahira, muka zaɓi can. Kuɗi ne masu yawa, miliyoyin naira, kuma canjin dala yana ƙara su kullum. Na sayar da filin da na saya don gini, ta sayar da gwala-gwalanta, ubangidana na kasuwa ya ba ni rance bai tambayi dalili ba. Ina faɗin wannan ne da ciwo a raina, domin na san akwai malamin firamare da ɗan acaɓa masu irin larurata, waɗanda ko kuɗin gwajin jinin ba za su iya haɗawa ba.

Muka sauka a Madinatu Nasr, unguwar da ɗalibanmu suke da yawa. Wani ɗalibin Azhar ɗan arewa ne ya yi mana tafinta, yaro mai kunya, wanda dole ta sa ya riƙa fassara kalmomin da ba zai iya faɗa a gaban yayansa ba. Aka tsara aikin nawa ya zo daidai da cire ƙwan matata. Ita ce ta fara shan wuya: allura a fatar ciki kullum har wajen kwana 10 zuwa 12 don ƙwai su nuna da yawa, ana duba ta a na'ura, cikinta ya kumbura, ga jiri. Sannan allurar ƙarshe, wadda ake cire ƙwan kimanin awa 36 bayanta. Lafiyarta ƙalau, amma ita ake soka wa allura saboda ciwon da ke jikina. Aka kawo mana takarda mu sa hannu a kan abin da za a yi da ƙwanta idan an buɗe ni ba a samu komai ba. Muka ce a daskarar da su. Na kuma tambayi yadda suke tabbatar da ba a cakuɗa na wani da na wani ba, suka nuna mini sunanmu da lambarmu a jikin kowane ɗan faranti da kuma abin da aka ɗaura mana a hannu, da yadda mutum biyu suke karantawa kafin a taɓa komai. Sai da na gani hankalina ya kwanta.

Ranar aikin an hana ni ci da sha tun dare. Aka aske wurin, aka sa mini rigar da ba ta da baya, aka tura ni a gado. Abin da nake iya tunawa shi ne sanyin ɗakin, da wani babban madubi a rataye an lulluɓe shi da leda, da addu'ar Annabi Zakariyya da nake maimaitawa, "Rabbi la tazarni fardan wa anta khairul warisin," har allurar barci ta ɗauke ni. Daga baya likitan ya ba ni labari ta bakin tafinta. Ya tsaga fatar a tsakiya, ya buɗe na dama, ya bi shi lungu-lungu, jijiyoyin duk sirara ne fayau, duk abin da ya aika ɗakin bincike sai a ce babu. Ya rufe ya koma na hagu. Can ciki ya ga wasu 'yan jijiyoyi da suka fi sauran kauri da duhun fari. Ya tsinke su ya aika. Matar da ke kan madubi a ɗaya ɗakin ta daɗe tana warware naman tana dubawa, sannan ta aiko a ce masa ya dakata.

Na farka bakina a bushe, ƙasana kamar an ɗaura dutse. Yaron nan tafinta yana tsaye a kaina, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Yaya, an samu." Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Washegari matar ɗakin binciken ta nuna mini a allon kwamfuta: wani ɗan abu mai kai da wutsiya, kwance a cikin tarkacen nama, ba ya iyo, wutsiyar ce kawai take ɗan motsi. Ta ce wannan motsin ya isa, alamar yana da rai. Ba su da yawa, ana iya ƙirga su, amma ba a buƙatar miliyoyi. Tun 1992 likitoci a Beljiyam suka fara haihuwar jarirai ta hanyar ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya da siririyar allurar gilashi a cusa ta cikin ƙwai guda, abin da ake kira iksi. Ba don wannan ba, da abin da aka tsinto a jikina ba shi da amfani.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani bawan Allah ɗan Sudan, an yi mana aiki rana ɗaya. Shi an buɗe duka biyun ba a samu ba. Matarsa tana zaune a gefensa tana ba shi ruwa da cokali, shi kuma da ya ji labarina ya miƙo hannu ya ce, "Mabruk." Ban san inda zan sa fuskata ba. Bai fi ni zunubi ba, ban fi shi addu'a ba. Duk lokacin da na ba da labarin nan sai na ambace shi, don kada wani ya ɗauka duk wanda aka yanka yana dacewa. Har gobe ina sa shi a addu'a.

Jinyar ba ta da tsanani kamar yadda na ji tsoro. Kumburi da tsami na 'yan kwanaki, ƙanƙara a nannaɗe cikin tawul, ɗan kamfai mai ɗamewa, tafiya a hankali, sallah a zaune da farko. Aka hana ni ɗaukar kaya mai nauyi da kusantar iyali na 'yan makonni. An gargaɗe ni cewa testostiron na jiki yana iya sauka bayan aikin, kuma ya sauka, na yi watanni ina jin kasala, ana auna jinina har ya dawo daidai gwargwado. Mazakutata kuwa babu abin da ya same ta, na san wannan ce tambayar da maza suke son yi su kasa.

Ƙwai da dama aka cire, wasu suka karɓi ƙwayar maniyyin, kaɗan suka ci gaba da girma. Aka dasa a mahaifarta, muka jira makonni biyun nan da ake jira, jini ya nuna bai kama ba. Mun dawo Kano hannu rabbana, ga bashi, kuma a wannan karon ni ne na karaya, ita take ba ni baki. Abin da ya rage an daskarar da shi a sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, don haka da muka sake tara kuɗi muka koma ba a sake yanka ni ba. Daga cikinsa Allah Ya ba mu rabo. Ranar da aka ce jini ya nuna ciki, matata ba ta yarda ba sai da aka sa na'ura ta ji bugun zuciya da kunnenta. Ta haifi mace, aka sa mata sunan Hajiya.

Ba a rasa masu magana ba. Da labari ya fita cewa a asibiti aka haɗa, an sami masu cewa 'yar kwalba ce, an sami masu tambaya a ɓoye ko tawa ce. Wanda ya tambaye ni a fili na zaunar da shi na yi masa bayani tun daga hangum har madubi, wanda ya faɗa a bayan idona na bar shi da Allah. Akwai sauran abin da aka daskarar a can, muna biyan kuɗin ajiya duk shekara, kuma na sa hannu cewa idan na mutu ko aure ya rabu a zubar da shi, kamar yadda Malam ya ce.

Tun da 'yan layinmu suka san labarin, sai mutum ya zo kamar zai taya yadi, ya jira yaran shago su fita, sannan ya ce wai wani abokinsa ne yake da matsala. Nakan ba shi sunan gwajin da yadda ake yinsa, in ce abokin ya fara da shi kafin a ƙara ba matarsa ko da jiƙo ɗaya. Wasu sun je, har akwai wanda aka gano nasa toshewa ce kawai, aka zuƙo da allura. Akwai kuma maƙwabcina a kasuwa, mutumin kirki, ya saki mata biyu a kan rashin haihuwa, ɗaya daga cikinsu ta yi aure ta haihu a wani gidan, yanzu yana neman ta uku. Na ce masa zan raka shi da kaina, ni zan karɓar masa gwangwanin in kunya yake ji. Ya ce sai bayan sallah. Sallah ta wuce, na sake tuna masa a makon jiya, ya ce in bari a gama hidimar bikin tukuna.